Hilarus, Bawan da Ya Sauko Mana da Doka Ƙasa

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa dandalin garinmu na Turrina ya san wanda zai fara gani. Kafin masu gurasa su buɗe tanda, Hilarus ya riga ya iso da bokitin farar ƙasa a hannu, tsumma a kafaɗa, burushi biyu a soke a ɗamara. Yakan fara da allunan tagulla, masu ɗauke da dokar gari da aka aiko daga Rum tun zamanin kakanninmu. Tantabarun haikali ba su san girman doka ba, saboda haka kullum sai ya wanke abin da suka bari a kan babin gado da na aure, yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunayen 'yan majalisa. Daga nan ya koma kan farin allo, wanda shi ne ainihin aikinsa. Duk shekara idan aka zaɓi sababbin alƙalai, sukan fitar da sanarwar yadda za su yi shari'a a shekararsu. Shi kuma sai ya shafe allon da farar ƙasa, ya rubuta sanarwar da baƙi, kanun da ja.

Ya shiga aikin nan gashinsa baƙi wuluk, ya bar shi a kakar da ta wuce kansa fari fat. Ba tsufa ne ya ajiye shi ba. Abin da ya ajiye shi, har yau ban manta da shi ba, kuma ba ni kaɗai ba. Amma bari in fara da mutumin tukuna, don ku san wanda aka yi wa.

A ƙarshen kowace sanarwa akwai wani layi da ba ya canzawa: a kafa ta a inda mai tsaye a ƙasa zai iya karantawa. Kafin Hilarus, allon yana can ƙarƙashin rufin zauren shari'a, wai don kada ruwa ya taɓa shi. Ba a ce an karya doka ba, tunda mai tsaye a ƙasa yana iya karantawa, in dai yana da idon shaho da wuyan raƙumi. A shekararsa ta farko Hilarus ya karanta layin nan, ya ɗauke shi da gaske, ya sauko da allon ya kafa masa 'yar rumfa. Sannan ya nemi ma'auni. Ya duba kasuwa kaf, bai ga babban mutum da ya kai Postuma mai sayar da zaitun gajarta ba. Tun daga ran nan, duk sabuwar shekara sai an ji su.

"Ke gajeruwa, ajiye zaitun ɗin nan ki zo ki yi wa gari aiki."

"Na yi maka kama da sandar awo ne?"

"Haba, ai sandar awo ta fi ki tsawo. Tsaya nan. Kina ganin layin sama?"

"Ina ganin wasu sawun kaji."

"Sawun kajin sun fito sarai?"

"Sun fito, sarkin farar ƙasa. Ka sake ni, ga ɓarayi can suna ɗanɗana mini kaya."

"To, doka ta kafu."

Postuma ba ta iya karatu ba, haka ma mafi yawan manoman da ke shigowa ranar kasuwa. Shi ya sa idan rana ta ɗaga Hilarus yakan tsaya gefen allon ya karanta da ƙarfi, babi bayan babi, da muryar nan tasa mai kama da ta mai tallan kifi. Ba wanda ya sa shi. Idan aka ce ya maimaita, ya maimaita. Wanda ya iya rubutu kuwa, sai ya ce masa, "Kwafe ka kai ƙauyenku." Yakan ba da aron burushi, ya nuna yadda ake kwaɓa farar ƙasa ta kama itace, da yadda ake tsara layi ya miƙe. Sauran masu sana'a suna ɓoye sirrin aikinsu har wa surukansu, shi kuwa yana rabar da nasa a tsakiyar kasuwa. Da haka dokar Turrina ta bazu a jikin katangar gidan wanka, a ƙyauren mahauta, a tsingaron tulu, har a bangon wani garken awaki da ke kan dutse.

Lauyoyi ba su so ba. Wani daga cikinsu ya taɓa tare shi ya ce, "Kai Hilarus, abincinmu fa kake rabarwa." Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ni abin da aka rubuta kawai nake karantawa. Wanda bai gane ba zai zo wurinka, kuma suna da yawa." Wata shekara kuma wani mai alfadari ya zo da kwafin ƙauyensu na bara, ya ce Baba Hilarus ya tsallake layi guda a babin hanyoyin ruwa. Muna tsaye muna jiran a yi rigima. Hilarus ya duba, ya je ya nemo izinin alƙali, ya gyara a gaban kowa, ya kama hannun mai alfadarin ya ɗaga sama yana cewa, "Ku ga wanda ya fi ni gani. Ni idanu biyu gare ni, garin nan kuwa ba a ƙirga nasa."

Tsofaffi sun gaya mana cewa a can Rum, a zamanin da, doka tana cikin akwatin masu hidimar alloli ne. Talaka bai san ranar da ake shari'a ba, bai san abin da ya haramta ba sai ya taka. Sai da talakawa suka yi bore aka rubuta ta a alluna goma sha biyu, aka kafa a dandali. Muna alfahari da wannan labari, muna koya wa 'ya'yanmu. Amma kafawar rana ɗaya ce. Wanda ke wankewa kullum, ya sauko da ita daidai idon mafi gajarta, ya karanta wa wanda bai iya ba, kai ne, Hilarus. Mu dai mun tashi mun tarar da kai a wurin, kamar yadda muka tarar da rijiyar dandali.

To, ga abin da ya faru.

Mijin Postuma da 'ya'yanta uku suna kwance a kabari guda bayan ƙofar yamma, a cikin gonar gidan mijin. Bayan rasuwarsa ƙaninsa ya sayar da gonar ga Kalwentiyus, ɗan majalisar gari, mai gonakin inabi tun daga bakin kogi har gindin dutse. Duk ƙarshen sanyi, idan idin matattu ya zo, Postuma takan ɗauki gurasa jiƙaƙƙiya da ruwan inabi, da ɗan gishiri da furanni, ta ratsa gonar ta kai musu. Kowa ya san mamacin da ba a ciyar ba ba ya kwanciya, yawo yake yi yana neman nasa. Shekara da shekaru ba wanda ya tare ta. A bara, da aka gama tsinkar inabi, Kalwentiyus ya zagaye gonar da katangar dutse wadda ta fi doguwar mace tsawo, balle Postuma. Bai bar ko kafar da kare zai shiga ba, sai babbar ƙofarsa mai karnuka biyu.

Postuma ko gezau ba ta yi ba. Ta ji Hilarus yana karanta babin kaburbura duk shekara har ta haddace: wanda ke da kabari a cikin gonar wani, ba za a hana shi hanyar zuwa wurinsa ba, ko an sayar da gonar. Ta ɗaura mayafinta ta je ta kai ƙara, ta dawo ta ci gaba da auna zaitun tana waƙa.

Ana cikin haka zazzaɓin kaka ya kwantar da Hilarus a ɗakinsa da ke bayan rumbun gari. Ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Ranar da ya iya miƙewa, ana gobe za a zauna shari'ar, ya ɗauki bokitinsa ya lallaɓa dandali, ƙafafunsa suna harɗewa. Ya tsaya gaban allon kamar kullum. Idonsa ya sauka kan jan kanun kaburbura, ya gangara ƙasa, ya sake hawa sama. Ya murza ido, yana zaton zazzaɓin ne bai sake shi ba. Babin binne gawa a wajen gari yana nan. Babin hana tona kabari yana nan. Na hanya babu shi. An shafe wurin da sabuwar farar ƙasa, an sake rubuta layukan ƙasa da manyan baƙaƙe don su cike gurbin. Bokitin ya suɓuce daga hannunsa, farar ƙasa ta malale a kan duwatsun dandali, shi kuma yana tsaye baki buɗe.

Postuma ta taho da gudu. "Mene ne, tsoho? Ka ga fatalwa ne?"

"An taɓa allo," in ji shi.

"To ka gyara mana! Ba ga burushi nan a ƙugunka ba?"

Ba zai iya ba. Taɓa allo ba da izinin alƙali ba babban laifi ne, kuma in ya taɓa ana gobe shari'a, shi za a ce ya ƙara abin da babu. Ya tafi wurin magatakarda ya roƙi a fito da ainihin takardar da alƙalai suka sa wa hatimi. Magatakarda ya shiga ciki ya daɗe, ya fito yana kaɗa hannu, ya ce asu ya cinye ta daidai wajen nan. Asun Turrina mai ilimi ne, ya san babin da zai ci. Maƙwabtan magatakardan sun ce a makon nan an sauke masa tuluna masu hatimin gonar Kalwentiyus.

Labari ya zaga ƙauyuka kafin rana ta faɗi. Washegari zauren shari'a ya cika har waje, kuma kowa da kayansa. Wannan da tsingaro, wancan da guntun katako. Mahauta sun cire ƙyaurensu ɗungurungum sun ɗoro a jaki. Mai garken awaki ya ce bangonsa ba ya ɗaukuwa, amma ga shi nan a shirye ya raka duk mai son gani. Aka jera su a gaban alƙali, kowanne yana faɗin abu ɗaya: ba za a hana shi hanya ba, ko an sayar da gonar. Muka fara murmushi, muna ganin magana ta ƙare.

Alƙalin na bara ba mugu ba ne. Ɗan kasuwar ulu ne wanda ya nemi kujerar don a riƙa gaishe shi, kuma a ranar nan gumi ya karyo masa tun ba a fara ba. Lauyan Kalwentiyus kuwa baƙo ne daga babban birni, gashinsa yana ƙamshin man shafawa. Ya zagaya kayan da aka jera yana taɓa su da ɗan yatsan ƙafa.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙyauren mahauta ne. Wannan fasasshen tulu ne. Kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a ƙyaurensa. In ka karɓi wannan, gobe zan kawo maka murfin tukunya an rubuta ni ne magajin haikali. Allon gari shi ne allon gari, kuma ga shi can a waje, kowa ya je ya karanta."

Postuma ta yi tsalle ta dire. "Ga wanda ya rubuta shi nan tsaye! Da hannunsa ya rubuta, da bakinsa ya karanta mana. A tambaye shi mana!"

Lauyan ya juyo a hankali, ya yi wani murmushi da har yanzu nake gani.

"Madalla, Iya. Ke kika nema. A tambaye shi, yadda ake tambayar bawa."

Zauren ya yi tsit, har ana jin jakin mahauta yana tauna a waje.

Ba wanda bai sani ba cewa Hilarus bawan gari ne. A bayan rumbu aka haife shi, uwarsa baiwar gari ce mai niƙa. Amma mutumin da kake kira Baba, wanda ya karanta maka doka tun kana goye, ba ka tsayawa ka auna abin da kalmar take nufi. A ranar nan muka auna. A dokar Rum ba a karɓar shaidar bawa da baki kawai. An ɗauka bawa maƙaryaci ne har sai azaba ta matso gaskiya daga jikinsa. Ko yana son ya faɗa, ko ya riga ya faɗa, sai an azabtar da shi yana maimaitawa kafin maganar ta zama shaida. Kai ne ka sauko mana da doka har ta zo daidai idon kowa, Hilarus, ashe ita dokar ba ta yarda da kalma ɗaya daga bakinka ba.

Alƙali ya share goshi ya ce idan mai ƙara ta janye, ba sai an kai ga haka ba. Bai rufe baki ba Postuma ta ce, "Na janye! Ranka ya daɗe, na janye. Ya riƙe katangarsa, ta faɗo masa a ka. Zan riƙa tsayawa daga waje in watsa musu ruwan inabin ta sama, ai sun san muryata."

Hilarus ya matso kusa da ita. Bai yi magana da alƙali ba, don bawa ba shi da baki a wurin. Da ita ya yi, a hankali, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Ke da ba ki kai ƙugun katangar ba, ta ina za ki watsa?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Ka san abin da za su yi maka?"

"Na sani. Na sha jiyowa daga ɗakina."

"To ba da ni ba. Matattu sun mutu, kai kana da rai. Jiya-jiya ka tashi daga zazzaɓi, ko bokiti ba ka iya riƙewa."

"Postuma, saurara. In kika janye yau, kowa a garin nan ya koyi cewa mai bokitin farar ƙasa da tsani shi ke da doka. Yau hanyarki ce. Gobe rijiyar wani ce, jibi 'yar wani. Sai in ci gaba da karanta muku me? Abin da Kalwentiyus ya bari?"

"Sai a ce ni na sa aka yi maka?"

"Sai a ce ke kika bar ni na faɗi gaskiya sau ɗaya a inda ake rubutawa."

Ta zage shi. Ta zagi uwar da ta haifi lauyan, ta zagi katanga da wanda ya gina ta, hawaye yana zuba har cikin bakinta. Sannan ta goge fuska da mayafi, ta juya wajen alƙali ta ce, "A ci gaba." Ban taɓa jin kalmomi uku masu nauyin waɗannan ba.

A farfajiyar bayan zaure aka yi, da rana tsaka. Mai aikin shi ne mai ɗaukar gawa na gari, don shi ke riƙe da kwangilar ɗaukar gawa da ta azabtar da bayi, kuma Hilarus ne ya rubuta masa allon ƙofar shagonsa. Ya zo da igiyoyinsa yana kallon ƙasa, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Hilarus ya ce, "Yi aikinka, ɗana. Abu ɗaya nake roƙo, ka tsaya a hannun hagu kawai. Da na dama nake rubutu." Mutumin ya ɗaga kai ya dubi alƙali. Alƙali ya buɗe baki zai yarda, sai lauyan ya ce doka ba ta ce hagu ba, kuma shaidar da aka tausaya wa mai ba da ita ba shaida ba ce. Alƙali ya rufe bakinsa, ya kawar da kai.

Aka ɗaure yatsun da siraran igiyoyi, hannu biyu, aka sa sanda ana murɗawa. Ba zan faɗi ƙarar da muka ji ba. Aka tambaye shi abin da ya rubuta a ƙarƙashin kanun kaburbura, ya faɗa. Aka ƙara murɗawa, aka ce ko wani ya saye shi, ya ce babu, ya sake faɗa. Aka juya tambayar ta nan, aka juya ta can, ko zai canza kalma. Mu da aka hana shiga muna manne da katanga, manya da furfura suna kuka kamar yara. Can muryarsa ta fara yankewa. Ya ce, "Wanda ke da kabari a cikin gonar wani," sai numfashi ya ƙwace masa. Wani daga cikin mahauta ya ɗauka daga waje da ƙarfi: "ba za a hana shi hanyar zuwa wurinsa ba!" Sai dukan taron ya amsa, manoma da masu alfadari da matan kasuwa, waɗanda suka iya karatu da waɗanda ba su iya ba: "ko an sayar da gonar!" Muka yi ta maimaitawa, ba wanda ya shirya, har alƙali ya miƙe fuskarsa ta koma toka ya ce a kwance shi, shaida ta tabbata.

Hukunci ya fito a ranar: a mayar da babin, a fasa katangar a bar hanyar da mai ɗauke da kwando zai wuce. Wanda ya shafe allon kuwa, wai ba a gano shi ba. Kalwentiyus yana nan a kujerarsa ta majalisa, ana gaishe shi yana amsawa. Magatakarda yana nan da asunsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya zaci labarin ya ƙare da daɗi, kuma don haushin ya yi mini yawa in riƙe shi ni kaɗai.

Yatsun sun warke a karkace. Ba sa riƙe burushi, ba sa riƙe cokali. Babin da aka mayar, da sanarwar bana gaba ɗaya, mutum biyar ko shida ne suka rubuta, cikin waɗanda ya koya wa a kasuwa, shi yana zaune a ƙasa yana yi musu faɗa kan layin da ya karkace. Majalisa ta zauna ta yaba masa da kalmomi masu daɗi, ta ba shi gadin ƙofar rumbu. Da wani ya kawo maganar a 'yanta shi, sai aka ce a ɗage zuwa wani zama. Har yau da nake rubutun nan, Hilarus kayan gari ne, kamar amalanke da tsani.

Da idin matattu ya zo, Postuma ta rufe rumfarta ta biya bayan rumbu da kwandonta. Ta ce ya tashi ya raka ta. Ya ce shi ba shi da kowa a can. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba. Suka fita ta ƙofar yamma, suka shiga ta wurin da aka fasa, karnukan Kalwentiyus suna haushi daga nesa. Ta durƙusa ta ajiye gurasar, ta zuba ruwan inabi, ta kira mijinta da 'ya'yanta da sunayensu, ta ba su haƙurin tsoron da suka ji. Shi yana tsaye gefe, hannayensa a cikin riga. Da ta gama, sai ta nuna masa wani wuri a gefen kabarin, an share ciyawa an kafa duwatsu huɗu.

Bawan gari idan ya mutu, ramin bayan gari ake jefa shi tare da sauran, ba dutse, ba suna, ba mai kai masa ko gutsuren gurasa. Hilarus ya san haka tun yana yaro, can aka kai uwarsa. Ya dubi duwatsun ya daɗe.

"Na wane ne wannan?"

"Na wani tsoho ne mai taurin kai. Na gaya musu, sun ce ya zo, akwai wuri."

"Ke gajeruwa, gaggawar binne ni kike yi?"

"Ba na gaggawa. Ka zauna har ka ishi kowa. Amma ranar da ka tafi, ina so in san inda zan kawo maka abinci."

Ya yi ƙoƙarin ya yi dariya, abin ya ƙi. Ya ɗaga hannu zai share ido, yatsun ba su lanƙwasu ba. Ita ta yi ɗage ta share masa da bakin mayafinta.

Sannu, Hilarus. Sannu, Baba, mai farin allo. Mun gode da safiyoyin da ba mu ƙirga ba, mun gode da muryarka a ranakun kasuwa, mun gode da hannayenka, kuma muna jin kunyar yadda muka karɓe su. Ku kuma mutanen Turrina, da na duk garin da wannan rubutu ya isa, kada ku tsaya a tausayi. Ku je dandali ku kwafi allon, ku kai unguwarku, ku karanta wa maƙwabcin da bai iya ba, kuma wanda ya nuna muku kuskure ku gode masa. Ranar da majalisa za ta sake zama, ku rufe rumfuna ku cika ƙofar, kada ku watse sai an kira maganarsa. Postuma ta sama masa inda zai kwanta. Saura mu mu tabbatar cewa ranar da za a kai shi ta hanyar nan, ɗa za a ɗauka, ba bawa ba.